Shafin da Ban Tsallake Ba

Littafin nan daga hannun mai tsire Baba ya ƙwato shi. Ya tsaya ne sayen tsire a bakin tashar Kawo bayan ya tashi daga aiki, mai tsiren ya yago takarda zai naɗe masa, sai Baba ya hango hoton wata tsohuwa tana ɓare albasa a jikin takardar. Ya ce a dakata. Da ya tambayi inda aka yago ta, sai aka jawo masa wani ƙaton littafi daga ƙarƙashin teburi, ba bango, gefensa duk ya sha mai da ƙuli. Mai tsiren ya ce a gwanjon kayan wani Bature da ya tashi daga Doka ya haɗo shi da tsofaffin jaridu. Baba ya yi masa alkawarin takardun buhun siminti a madadinsa, ya rungumo littafi ya taho gida. Tsiren kuwa a can ya manta shi, kuma Umma ta shekara tana yi masa gorin wannan.

Baba mai zane ne, na jikin manyan motoci. A ƙarƙashin wata darbejiya yake zama a gefen tasha da gwangwanayen madara cike da fenti. Direba zai zo ya ce zaki yake so a bayan motarsa, ko mikiya ta sure maciji, ko ɗawisu, ko jirgin sama yana ratsa gajimare, Baba ya hau benci ya fitar masa. Ƙananan burushinsa ma da kansa yake ɗaura su da gashin wutsiyar akuya. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya. In aikin da rubutu, ni nake rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe, shi kuma ya zana su yadda yake zana ƙafar zaki, bai san me suka ce ba, amma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. A lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, na gama kwalejin horon malamai ina koyarwa a wata firamare a unguwarmu, Unguwar Kanawa, kuma ina ji da Turancina, ji ba na wasa ba. Ko a gidan biki wata ta yi kuskure sai na gyara mata. Ban iya ganin abu a karkace in wuce ba, kuma a lokacin gani nake wannan hali abin yabo ne.

Da Baba ya ajiye mini littafin a cinya, ya ce, "Uwata, gaya mini wane ne ya yi waɗannan hotunan, kuma me yake ci."

Tarihin wani mai zane ne na ƙasar Turai, wanda ya yi zamani a ƙarni na sha tara. Farkon littafin ya riga ya tafi da tsire, don haka ba mu san uwarsa ba, ba mu san ubansa ba. Mun same shi ne saurayi, ya shigo babban birni da ƙunshin kaya, yana kwana a wani ɗaki can saman bene inda ruwa yake daskarewa a buta. Sunansa ya gagari harshen Baba. Ya gwada sau biyu, Umma ta yi dariya har da riƙe ciki, daga nan ya koma ce masa Mutumina. Mu ma muka bi, ya zama Mutumin Baba a gidan.

Kullum bayan la'asar, in ya dawo ya wanke hannu da kananzir, sai mu zauna a tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. In karanta layi da Turanci a zuci, in juya masa da Hausa. Da rana kuwa, lokacin tara a makaranta, nakan riga shi leƙa shafukan gaba da ƙamus a hannu, don kada in yi inda-inda a gabansa.

Ranar da na karanta masa cewa Mutumin nasa da zanen allunan shaguna ya fara cin abinci, na mai burodi da na mai takalma, Baba tafi ya yi. "Ashe ɗan'uwana ne! Na ce hannun nan ya san wahala." Da muka zo inda manyan garin suke son hotunan sarakuna da na yaƙi, shi kuma ya nace sai masu sayar da gawayi da mata masu wanki da talakawa masu jiran jirgin ƙasa, sai ya gyaɗa kai ya ce taurin kai gare shi, amma yana da gaskiya. Akwai wani babban baje koli da ake yi duk shekara a birnin, wasu dattawa su zauna su zaɓi hotunan da za a rataya. Shekara da shekaru suna mayar masa da nasa. Baba ya ɗauki gaba da dattawan nan kamar a tasharsu suke. Ko a wurin cin tuwo sai ya ajiye loma ya ce, "Kai, amma mutanen nan ba su da tsoron Allah." Da matar mutumin ta rasu, ya ce in rufe littafin haka nan, kuma kwana biyu bai neme shi ba.

Sau ɗaya na taɓa yi masa ha'inci. Mun zo wani wuri da ake bayanin yadda ake koyon zanen jikin mutum a makarantunsu, ana tsayar da mace ba sutura a gaban ɗalibai. Ina zan iya faɗa wa ubana wannan? Na haɗa shafi biyu na juya, na ci gaba kamar ba komai. Sai ya ɗora yatsa a kan littafin.

"Uwata, biyu kika juya."

Na fara kame-kame. Ya ce, "In abin kunya ne, ce mini abin kunya ne, mu wuce. Amma kada ki riƙa zaɓa mini abin da zan ji. Ni ban iya karatu ba, idona a nan ke ce." Kunya ta kama ni har wuya. Na rantse masa ba zan ƙara rage masa ko kalma ɗaya ba, kuma na ɗauki rantsuwar nan na ɗora a kai.

A tsakiyar littafin akwai hotuna masu launi, kuma ɗaya daga ciki ya hana Baba sakat: mata suna wanki a bakin kogi da sassafe, ɗaya ta miƙe tsaye ta kare ido da hannu tana duban nesa. Ya daɗe yana kallonsa. Rannan sai ga shi da wani faffaɗan katako, ya goge shi, ya shafe shi da farin fenti, ya jingina a zaure. Ya ce wannan ba na direba ba ne, nasa ne. Bai kwafi na Baturen ba. Kogin Kaduna ya zana, da duwatsun da ake shanya a kai, da jan ruwan damina. Matar da ke tsaye kuma ya ɗaura mata zane irin na da, ya ce mahaifiyarsa ce. Da wankau ta raine shi a bakin kogin nan bayan rasuwar ubansa. Ta rasu kafin a haife ni, kuma ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Duk duniya babu inda fuskarta ta rage sai a cikin kan Baba.

Duk Juma'a bayan an sauko yakan taɓa katakon. Ya gama ruwa, ya gama duwatsu, ya gama hannun da ta kare ido da shi har da awarwaro. Wurin fuskar ya bar shi fari fat. In na yi masa magana sai ya ce fuska ba a yi mata gaggawa, sai hannu ya nuna.

Ana cikin haka idon ya fara. Da farko cewa ya yi fentin yanzu ba shi da kyau, shuɗi ba ya fita. Sai ya fara matso da fuska har hancinsa yana shafar jikin mota. Ranar da wani direba ya ce zakinsa ido ɗaya ya fi ɗaya girma, Baba ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce yana ganin komai ne kamar ta cikin hayaƙin murhu.

Muna da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu, ma'aikaciyar jinya ce, Kirista daga kudancin Kaduna. Nas muke ce mata, Baba kuwa Likita yake kiranta don tsokana. Duk Kirsimeti shinkafarta tana shigowa gidanmu, duk Sallah namanmu yana shiga nata. Ita ta sa shi a gaba a hasken rana, ta buɗe idon da yatsa, ta ce yanar ido ce, duka biyun. Ta ce abu ne da ake cirewa kullum, tsofaffin da suka fi shi ma suna komawa gida suna zura zare a allura. Ita ta raka mu asibitin ido, aka duba shi, aka ba shi kati da ranar da zai dawo a yi aiki, wata biyu da 'yan kwanaki a gaba. Baba ya sa katin a cikin littafin Mutuminsa, a daidai inda muka tsaya. Bai nuna tsoro ba. Har cewa yake in an wanke masa ido fuskar nan zai fara yi.

Saura kamar mako biyar, ina zaune a ofishin malamai ina leƙen gaba kamar yadda na saba, sai na ci karo da shafin. Mutumin Baba ya tsufa, an fara sanin darajarsa, har dattawan nan sun rataya hotonsa. Sai yana ta rufe masa ido. Manyan likitocin birnin suka yi masa aiki, idon ya kumbura ya yi ruwa. Suka sake yi a ɗayan, shi ma haka. Ya fito daga hannunsu ba ya bambance dare da rana, ya bar wani babban zane rabi, bai ƙara riƙe burushi ba har ya mutu.

Na karanta sau uku ko zan ga na fahimta ba daidai ba. Daidai na fahimta.

Na samu Umma a madafi na faɗa mata. Ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗe ba, ta ce, "Tsallake shi."

"Umma, zai gane. Kuma na rantse masa."

"To ki ce an yi masa aiki ya warke. Wa zai ƙaryata ki? Baturen zai taso daga kabari ne?"

Na ce ni ba zan yi wa mahaifina ƙarya ba. Na ce Baba mutum ne mai hankali, zan yi masa bayani cewa wancan zamani daban, wannan daban. Umma ta dube ni ta ce, "Shekara talatin ina tare da mutumin nan. Ke karatu kika sani, ni shi na sani." Na fita ina gunaguni, ina cewa a raina ai wannan shi ne aikin jahilci. Wallahi haka na ce. Ina rubuta shi ne don kada in yi wa kaina kwalliya.

Da la'asar na karanta masa shafin tsaf, ban rage ko kalma ba. Har wani daɗi nake ji a raina wai na cika alkawari. Da na kai ƙarshe na ɗora da bayanina: shekara ɗari ke nan da wani abu, lokacin ko wutar lantarki babu, ba su san a dafa kayan aiki ba, yanzu an ci gaba. Baba bai katse ni ba. Ya zaro katin asibitin daga cikin littafin yana juya shi a hannu.

"Likitocin Turawa ne suka yi masa?"

"Su ne, Baba, amma na da."

"A garinsu. Ɗan garinsu. Mutumin da suka san darajarsa." Ya daina juya katin. "To ni wa ya san ni?"

Ya mayar da katin, ya rufe littafin, ya tashi ya yi alwala tun magariba da saura.

Daga ranar babu irin maganar da ban yi ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka. Nas ta shigo da kayan aikinta a jiki ta zauna a tabarma ta ce, "Baba, ni da hannuna nake cire wa mutane bandeji, ina ganin suna kuka don murna. Ka yarda da ni mana." Ya ce, "Likita, na yarda da ke, wuƙar ce ban yarda da ita ba. Wuƙa ai wuƙa ce, ko ta da ko ta yanzu." Na ce to littafin ƙarya ne, Turawa ma suna ƙarya. Ya ce, "Da can da yake faɗin abin da kike so ba ki ce ƙarya ba ne."

A tasha ne wani ya ba shi labarin mai cire yana da ya sauka a Rigasa. Daga can arewa yake zuwa, ya yi 'yan makonni a zauren wani mai unguwa, ya wuce gaba. Ba ya yanka, ba ya sa mutum barci, ba a kwana. Ka zo da ƙafarka, ka koma da ƙafarka kana gani. Har aka kawo wa Baba wani tsohon tela ya rantse da bakinsa cewa jiya-jiyan nan aka yi masa, ga shi yana ganin hanya. Da na faɗa wa Nas, sai da ta dafe ƙirji. Ta ce ba cirewa suke yi ba, tsinke suke sawa su tura yanar ta faɗa can cikin ido. Haske zai shigo a ranar, mutum ya yi ta murna. Abin da ke biyo baya kuwa, lokacin mai tsinken ya yi nisa. Ta ce a nemo telan nan bayan wata uku a tambaye shi. Baba ya ce ba shi da wata uku, mutumin ya kusa tashi.

Ni na kai shi. Mutane suna tambayata wannan, yaya da iliminki kika kai shi? To in ban kai shi ba zai tafi ne shi kaɗai, yana lalube a bakin titi. Na riƙe masa hannu muka hau bas, ina roƙonsa tun daga Unguwar Kanawa har Rigasa, a hankali don kada fasinjoji su ji. Shi kuwa carbi kawai yake ja.

Zauren cike yake da tsofaffi a jere a jikin bango. Mai aikin dattijo ne mai tsabta, mai sanyin murya, ba irin mugun da na zana a raina ba. Wannan ma ya ƙara kashe mini jiki, don na zo da shirin faɗa na rasa da wa zan yi. Ya zaunar da Baba a ƙofa inda haske yake, wani ƙato ya riƙe masa kai ta baya. Ya ɗiga wani ruwan magani, ya buɗe 'yar jakar fata ya zaro tsinken ƙarfe siriri, ya goge shi da gefen rawaninsa. Na kau da kai. Na ji Baba ya ja numfashi ya ambaci Allah, shi ke nan. Ko tafasar ruwan shayi ba a kai ba.

"Yatsu nawa?" in ji dattijon.

"Uku."

Zauren ya ɗauki kabbara. Baba ya juyo yana hawaye ta ido ɗaya, ya dube ni ya ce, "Uwata, gyalenki ruwan goro ne." Ruwan goro ne kuwa. Wata shida rabonsa da ya faɗi launin wani abu daidai. Ni ma sai na fashe da kuka, kuma ba zan ɓoye ba, a ranar har na fara tunanin ko mu ne ba mu da gaskiya.

Gida ya cika da 'yan barka. Yana ganin haske da launi, amma gefen komai a narke yake, ba ya iya tsayar da ido a kan layi. Ya ce in an yi na hagun za su haɗu su daidaita. Nas ta zo har ƙasa ta durƙusa, mace da girmanta, ta ce, "Baba, don girman Allah a bar ɗayan. Ko guda ɗaya ka bar mana. In wannan ya yi kyau bayan wata biyu, ni da kaina zan nemo maka mutumin." Ya yi dariya ya ce Likita kishi take an ƙwace mata aiki. Kwana bakwai tsakani aka yi na hagun, ana jibi mai tsinken zai tashi. Wannan karon Umma ce ta raka shi, ni na ce ƙafata ba za ta ƙara taka zauren nan ba, kamar hakan zai hana wani abu.

Na daman ne ya fara, wajen kwana goma bayan nan. Ya yi ja, ya kumbura, ciwon kai ya sa Baba yana dafe bango yana amai. Kafin mu ankara na hagun ya bi. Aka aika Rigasa, aka ce mutumin ya wuce, wasu su ce Zariya, wasu su ce ya tsallaka iyaka. Baba da bakinsa ya ce a kira Likita. Muka ɗauki shatar tasi zuwa asibiti, na zaro katin nan daga cikin littafin na miƙa a teburin karɓa. Ranar da aka rubuta a jiki saura kwana huɗu.

Likitan asibitin ya daɗe yana haska idon. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambayi Nas wani abu a hankali, ta amsa, ya ajiye fitilarsa. Suka yi iya yinsu, suka kashe ciwon, aka kwantar da shi kwanaki. Ganin kuwa bai dawo ba. Muka fito da shi ina riƙe da hannunsa na dama, Umma na hagu. Ba ta ce mini komai ba, a ranar ko bayanta. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa ai na faɗa miki ba, ni kuwa kullum jira nake ta faɗa ko zan samu sauƙi.

Baba ya koma zaman zaure. Direbobi suka yi ta zuwa gaisuwa, daga baya suka ragu, wani ya gaje gindin darbejiyar. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, ya ce haka Allah ya rubuta. Sau ɗaya na durƙusa na ce ya yafe mini, ni na karanta masa shafin nan. Ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, "Ke da kika cika mini alkawari? Tashi, Uwata." Na fi son ya zage ni.

Ya sa na ƙarasa masa littafin, 'yan shafuka ne suka rage. Mutumin nasa ya ƙare kwanakinsa a gidan 'yarsa a ƙauye, yana zama a lambu, baƙi suna zuwa suna ba shi labarin hotunansa da ke rataye a birni. Baba ya ce, "Allah sarki. Shi bai gwada ba ko sau ɗaya?" Na ce littafin bai faɗa ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kusan shekara da faruwar abin, ya ce in jawo masa katakon. Na jawo, na kakkaɓe ƙura. Ya ce fuskar tana nan a kansa, amma ta fara yi masa nisa, wani lokaci sai ya neme ta ya rasa hancin ko bakin. Gara ya sauke ta tun tana nan. Ya ce hannunsa ya yi shekara arba'in yana aiki, ba ya buƙatar ido kamar yadda muke zato.

Na buɗe gwangwanayen, yawancinsu sun bushe, na tsarma da kananzir. Yana faɗa ina haɗawa: ja kaɗan, ruwan ƙasa, ɗigon baƙi, ɗigon rawaya. Ya shinshina, ya murza a yatsa, ya ce ya yi. Na kama yatsansa na hagu na ɗora a kan farin wurin, na zagaya da shi gefe-gefe, ga wuya nan, ga inda ɗankwali ya tsaya, ga hannun da ta kare ido. Ya ce ya gane, in sake shi.

Da ya juya zai tsoma burushi, sai ya ɗage yatsan don ya lalubo gwangwani. Da ya dawo, hannun ya sauka kamar taƙi ɗaya hagu da wurin, a kan ruwan kogi.

Na buɗe baki. Umma tana tsaye a ƙofar zaure da tsintsiya a hannu, ban san lokacin da ta zo ba. Ta dube ni, ta girgiza kai sau ɗaya. Na rufe bakina.

Ya fi sa'a guda yana aiki. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ciwon, ya ɗan turo harshe gefe yadda yake yi a kan benci a tasha. Yana yi yana magana, ga goshinta, tana da 'yar tsaga a nan, idonta ƙanana ne amma in ta kalle ka sai ka faɗi gaskiya. Burushin yana hawa kan abin da ya riga ya shafa, ido a kan kunci, baki a kan haɓa, fenti yana gangarowa. Abin da ya fito wani dunƙulen ruwan ƙasa ne yana iyo a kogi, matar kuma tana tsaye a gefensa da farin wuri a inda fuska take. Ina riƙe da gwangwani hawaye yana ɗiga a ciki, ina haɗiye sheshsheka don kada ya ji.

Ya ajiye burushin, ya goge hannu a gwiwa.

"Uwata, ta fito?"

"Ta fito, Baba."

"Kada ki rage mini komai fa. Da wa ta yi kama?"

"Da ni," na ce.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ban faɗa miki ba? Ai ke ce sak." Ya ce a jingina shi inda ƙura ba za ta hau ba sai ya bushe, kuma a kira Likita ta zo ta gani. Nas ta shigo, ta tsaya gaban katakon, ta dube ni, ta dubi Umma. Ta ce, "Baba, hannunka yana nan."

Ya rayu shekara shida bayan wannan, kuma duk baƙon da ya zo sai ya ce a nuna masa mahaifiyarsa. Nakan tari mutum tun daga waje in yi masa bayani, ba wanda ya taɓa ba mu kunya. Katakon yana ɗakina yanzu, a bayan sif, na juya fuskarsa bango. Na yi shekara talatin ina koya wa yara kada su yi ƙarya, kuma ina nan a kan bakana. Amma na iya yin ta rannan a zaure, ba tare da muryata ta yi rawa ba, kuma da na yi ta shekara guda kafin nan a gindin mangwaro, da wataƙila bai rasa idonsa ba. Har yau ban san kamannin matar da nake amsa sunanta ba.